Alhaji Maƙo Zai Sayi Wuƙar Aljihu

(Maƙeri da Wanzami suna zaune a kan benci. Sai ga Alhaji Maƙo da ƙullin hankici a hannu, yaron mai sayar da wuƙaƙe na biye da shi yana haki.)

ALHAJI MAƘO: Salamu alaikum. Shawara na zo nema. Amma tun kafin ku buɗe baki, kyauta ce ko?

WANZAMI: Wa alaikumus salam. Alhaji, kai ko gaisuwa sai ka ji farashinta kafin ka amsa. Zauna.

ALHAJI MAƘO: (yana kwance ƙulli) Wuƙaƙen aljihu ne guda uku, duk masu araha. Wata biyar ke nan ina nazari a kansu.

YARO: Baba Alhaji, maigida fa cewa ya yi minti biyar.

ALHAJI MAƘO: Yi shiru, manya na magana. Ni wannan jar nake so. Ku duba: wuƙa, almakashi, zarto, sukundireba, abin buɗe kwalba, har da abin sakace. Kaya goma sha biyu a kuɗin ɗaya. Wanda ya ƙi wannan ai ya ƙi riba.

MAƘERI: Miƙo ta nan. Wannan kwaikwayo ce. Ta asali wuƙar sojan Suwizalan ce, wadda Karl Elsener ya yi wa rajista a 1897, kamfanin Victorinox ke yin ta har yau, kuma ba ta da laifi. Amma wannan kala kawai ta ɗauko. Kuɗin wuƙa ɗaya aka raba wa ƙarafa goma sha biyu, kowanne ya samu abin da bai ishe shi ba.

ALHAJI MAƘO: Ƙarfe ai ƙarfe ne.

MAƘERI: Haba Alhaji. Ruwan wuƙa sai an gasa shi ya yi ja, a tsoma shi a mai ya yi tauri, sannan a sake ɗumama shi kaɗan don kada ya riƙa karyewa kamar gilashi. A nan mai aikin ha'inci yake rage kuɗi, domin ido ba ya ganin wannan aikin. Ka samu kwali ka yanka sau goma, sannan ka gwada ta a takarda. In ta yanke sumul, an yi wa ƙarfen horo. In ta tattare takardar tana yaga ta, bakin ya lanƙwashe, ƙarfe mai laushi ne.

ALHAJI MAƘO: Yaro, kawo kwali.

YARO: Wallahi in aka yanka abu da ita an saya.

ALHAJI MAƘO: To a bar kwalin, na yarda da Maƙeri.

WANZAMI: Gwada almakashin ma a gashin hannunka, ka ji yadda zai tauna maimakon ya yanka.

ALHAJI MAƘO: Gashin nawa kuma? A'a. To ga ta biyu, mai ƙyalli. Dubi mariƙinta, sai ka ce hauren giwa.

MAƘERI: Roba ce, amma ba nan matsalar take ba. Irin wannan ba ta da makulli, sifirin ne kwance a gadon bayanta yake riƙe ruwan, a buɗe ko a rufe. Abu huɗu ake dubawa. Buɗe ta, ka kama ruwan ta baya da yatsu biyu, ka girgiza hagu da dama.

ALHAJI MAƘO: Tana rawa kaɗan.

MAƘERI: Ƙusar da ruwan ke juyawa a kanta ba ta matse ba. Yanzu ɗaga bayanta ka kalli haske. Kana ganin haske tsakanin sifirin da ƙarafan gefe?

ALHAJI MAƘO: Har ina hango hular Wanzami.

MAƘERI: Nan datti da zaren aljihu za su yi gida. Rufe ta a hankali ka leƙa: ruwan ya kwanta a tsakiya, ko yana gogar gefe ɗaya? In yana goga, kullum zai riƙa karcewa. Na ƙarshe, shafa yatsa a kan mariƙin inda tsinin yake kwanciya.

ALHAJI MAƘO: Kai! Ta soke ni!

MAƘERI: Tsinin bai nutse ba. Wannan ita ce mai huda aljihu.

ALHAJI MAƘO: Aljihu? Inda kuɗi suke? Yaro, ɗauke ta daga gabana.

MAƘERI: Tana gyaruwa fa. Rawar, a ɗora ƙusar a kan maƙera a dandaƙa kanta da ƙaramar guduma, bugu uku ko huɗu marasa ƙarfi, ana yi ana gwadawa. In ka zarce, ruwan ya ƙi buɗuwa. Tsinin kuma, a gindin ruwan akwai ɗan dunduniyar ƙarfe da yake tokare shi in an rufe. A goge shi kaɗan da magagari, tsinin ya sauka ciki. In aka ci shi da yawa kuma, kaifin ya riƙa dukan sifirin yana dakushewa duk rufewa.

ALHAJI MAƘO: Gyaran kyauta ne?

MAƘERI: A'a.

ALHAJI MAƘO: To ba ta gyaruwa. Saura wannan mummunar, mai kama da guntun icen da yara suka yar. Don dai ita ma tana cikin masu araha ne na ɗauko ta.

MAƘERI: Ita ce kuwa wuƙar a cikinsu. Opinel ke nan, Joseph Opinel ya fara yin ta a 1890 a yankin Savoie na ƙasar Faransa. Wannan lamba 8 ce, tsawon ruwanta santimita 8.5. Ƙirga kayan jikinta: ruwa, mariƙin katako, ƙusa, zoben da yake riƙe wuyanta, da zobe na biyu mai juyawa wanda aka ƙara a 1955. Biyar ke nan. Ba sifirin, ba ado, kuɗin duk ya tafi a ruwan.

WANZAMI: Dubi sirantar ruwan ta baya zuwa baki. Abin da yake yanka ke nan. Wuƙa mai kauri ko ta yi kaifi tsaga abu take yi kamar gatari.

ALHAJI MAƘO: Zoben me amfaninsa?

MAƘERI: Ka buɗe, ka murɗa shi, ya tare ruwan ba zai rufe a yatsunka ba. Waccan mai sifirin, in ka soka tsininta a katako ka danna, ko bayan ruwan ya tokari wani abu, sai ta naɗe a kan yatsu huɗu lokaci guda.

ALHAJI MAƘO: Kuɗin asibiti ke nan. To wannan ba ta da aibi ko ɗaya?

MAƘERI: Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Karanta abin da aka rubuta a ruwan.

ALHAJI MAƘO: Ban zo da tabarau ba, kada ya tsufa.

YARO: "Carbone" aka rubuta.

MAƘERI: Baƙin ƙarfe ne mai kabon kusan kashi ɗaya cikin ɗari. Yana saurin ɗaukar kaifi, wasa shi ba wuya, amma in ka bar shi da danshi ya kwana, da safe ka tarar da tsatsa. Da "Inox" aka rubuta, to marar tsatsa ne, wanda aka haɗa da kuromiyam. Ƙarfe ba ya shiga wannan sahun sai kuromiyam ɗinsa ya kai kashi 10.5 cikin ɗari. Mai mantuwa ko mai aiki cikin ruwa, shi ya dace da shi.

ALHAJI MAƘO: Ni ba na mantuwa. Tambayi masu bashina.

MAƘERI: To ka goge ta ta bushe duk bayan aiki. In ka yanka abu mai tsami za ta yi duhu-duhu, toka-toka. Kada ka kankare wannan, shi ne rigarta, yana rage mata tsatsa. Jar tsatsa mai gautsi ita ce abokiyar gaba, ita ake gogewa da takardar yashi mai laushi. Sai ɗigon mai ɗaya a mahaɗa.

ALHAJI MAƘO: Akwai ragowar man girki a gida.

MAƘERI: Zai yi danƙo ya yi wari, ya tara ƙura. Man keken ɗinki ya fi a mahaɗa. In kuma za ka riƙa yanka abin ci da ita, ka nemi farin mai marar wari irin na kantin magani ka shafa wa ruwan.

ALHAJI MAƘO: Ɗigo ɗaya ka ce? Tela ba zai hana ni ɗigo ɗaya ba.

MAƘERI: Aibi na biyu, katakon. In ya sha ruwa kumbura yake ya cije ruwan, ka yi ta ja da farce har farcen ya karye. Kada ka jiƙa ta a kwano. In ta cije, ka riƙe ta ta wajen zoben, ka ƙwanƙwasa ƙarshen mariƙin a kan tebur, tsinin zai leƙo da kansa. Ka bar ta a buɗe a inuwa ta bushe.

WANZAMI: Yanzu sai nawa fannin. Alhaji, ka iya wasa wuƙa?

ALHAJI MAƘO: Wasawa? Ba sabuwa ba ce?

WANZAMI: Mai araha sau da yawa ba ta zuwa da cikakken kaifi, kuma ko ta zo da shi, aiki zai cinye. Ka samu dutse mai fuska biyu, mai kaushi lamba 400 don baki da ya ɓalle, mai laushi lamba 1000 don wasawar yau da kullum. In na ruwa ne, jiƙa shi minti biyar zuwa goma. Tsayar da ruwan wuƙar cak a kan dutsen, digiri 90 ke nan. Kwantar da shi rabi, 45. Sake rabi, ka zo kusa da 20. A nan za ka tsaya.

ALHAJI MAƘO: Rabin rabi. Wannan lissafin na san shi, da shi nake ciniki.

WANZAMI: Ka tura daga gindi zuwa tsini kamar mai son yankar ɓawon dutsen, hannu bai tashi ba bai sauka ba. Mai koyo ya shafa wa bakin tawadar maka: inda tawadar ta goge, nan dutsen yake ci. Ka yi ta yi a gefe ɗaya har ka ji ɗan leɓen ƙarfe ya lanƙwaso a ɗaya gefen, tun daga gindi har tsini. Da babban yatsa ake ji, a shafo daga baya zuwa baki, ba a bin tsawon kaifin. Sannan ka juya. Yawancin masu cewa wuƙarsu ta ƙi kaifi, juyawa suke yi kafin leɓen ya fito, ko kuma su bar shi a jiki, ya karye a yankan farko.

ALHAJI MAƘO: Tsaya. Wannan baƙin ruwan da yake fita a kan dutse, mene ne?

WANZAMI: Garin ƙarfe ne.

ALHAJI MAƘO: Ƙarfen da na biya? In zauna da hannuna in goge dukiyata in zubar?

WANZAMI: Abin da yake fita bai kai kaurin gashi ba. Injin wasa ne mai cin wuƙa.

MAƘERI: Ci kaɗai? Zafi yake sa wa bakin. Da ka ga ya yi shuɗi, horon ya tafi, ba zai ƙara riƙe kaifi ba sai an cinye wurin gaba ɗaya.

WANZAMI: A ƙarshe ka ja ta a kan fata, bayan ruwan a gaba, kaifin na bi, sau goma sha biyar kowane gefe. Tsohon bel ya isa. In ba ka da dutse ma, kife kofin tangaran, zoben gindinsa da ba a shafa wa ƙyalli ba yana tayar da kaifi.

ALHAJI MAƘO: Allah ya yi maka albarka! Tun ɗazu wannan ce maganar da ta shiga kunnena. To za ta buɗe gwangwanin fenti? Za ta kwance sukuru?

MAƘERI: Sau ɗaya, sannan ka zo da tsinin a hannu. Siririn ruwa mai tauri ba ya jure banƙara. Igiya, kwali, fiƙe fensir, sassaƙa ɗan ice, wannan ne aikinta. Kuma ka san dokar inda kake. A Ingila, wadda ake yawo da ita ba tare da dalili ba sai mai naɗewa marar makulli, kaifinta bai wuce inci 3 ba. Wannan zoben ma kaɗai ya isa ya fitar da ita daga wannan sahun. Filin jirgi kuma, ka sa ta a babbar jaka, in ba haka ba a karɓe.

ALHAJI MAƘO: A karɓe? A biya ni?

WANZAMI: A yi maka godiya.

ALHAJI MAƘO: To ni da jirgi har abada. Maƙeri, faɗa mini gaskiya, in saya?

MAƘERI: In za ka goge ta, ka wasa ta, saya, za ta yi maka shekaru. In jefa ta za ka yi a aljihu ka manta, ɗauki mai "Inox".

(Alhaji ya juya baya, ya ƙirga kuɗi sau uku, ya miƙa wa yaro yana kau da kai. Yaro ya naɗe wuƙar a takarda, ya ɗaure da zare, ya ruga.)

ALHAJI MAƘO: Wannan yaro ya ƙulle zaren tam. Maƙeri, ara mini wuƙarka in yanke.

MAƘERI: Taka fa? Zare ta ta gefe mana.

ALHAJI MAƘO: Sabuwa fil? A kan zare? Wanzami, kawo askarka.

WANZAMI: Askata ba ta yankan zare.

ALHAJI MAƘO: To ku bar shi, na kwance da haƙori. Zaren ma ai da amfaninsa.