Mai koyon sassaƙar dutsen ƙanƙara ya fara da fasasshen tangaran

Jiya wani maƙwabcina ya gan ni ina ɗauko fasasshen murfin tankin masai na tangaran daga bola, ya yi ta dariya, wai ko lafiya. Lafiya lau. Da shi nake koyon sassaƙa kan kibiya irin na mutanen da, kuma ra'ayina shi ne duk mai koyo ya fara da shi kafin ya taɓa dutsen ƙanƙara.

Tangaran yana ɓantarewa kamar ƙanƙara da gilashi, ɓallin ya fito da shatar da ta yi kama da bayan kwanson kogi. Ga shi a shimfiɗe, kaurinsa ɗaya, kuma kyauta ne. In ka lalata goma, ba ka yi asarar komai ba. Ba ni na ƙirƙiro dabarar ba. 'Yan asalin yankin Kimbali a arewa maso yammacin Ostareliya sun riƙa ciro tangaran ɗin da ke kan turakun wayar tangaraho suna yin kan mashi da shi. Ishi, mutumin ƙarshe na ƙabilar Yahi da ya fito daga daji a Kalifoniya a 1911, da kwalabe yake yin nasa kan kibiyar.

Inda na daɗe ina tuntuɓe shi ne gefen da ake bugu. Dole kusurwarsa ta gaza digiri 90, kuma sai ka goge kaifin da dutse mai kaushi ya dakushe, in ba haka ba gefen zai ruguje kawai, ɓalli ba zai tafi ba. Ka ɗora fata a cinya, ka bugi bakin-bakin, kada ka kai tsakiya. Wannan ƙyallin da ke saman tangaran shi za ka fara cirewa. Daga baya ka koma dannawa da tsinin ƙaho ko na jan ƙarfe, kaɗan-kaɗan.

Amma fa a waje ake yi, inda iska ke kaɗawa, da tabarau a ido. Masu sassaƙa ƙanƙarar bindiga a garin Burandon na Ingila, waɗanda kayansu ya daɗe yana zuwa Afirka, ƙurar dutsen ce ta cinye huhun da yawansu tun suna da sauran ƙarfi. Ƙurar tangaran ma ba ta da tausayi. Kuma ka share ɓallin kafin yara su fito ba takalmi.