Yadda Tsamiya Ta Cinye Min Babur

A ƙasan adakar marigayi kakanmu muka tsinci gwangwanin madara cike da tsofaffin kuɗi: kwabbai masu huda na 1959 da tauraronsu mai tsini shida, 'yan anini, sai kwabon 1973, shekarar da naira ta kori fam da sule. Wasu sun yi baƙi ƙirin, wasu danshin damina ya mai da su kore shar.

Wani abokina ya haɗa ni da dillalin irin waɗannan kaya a Kano, shi kuwa ya zaunar da ni karatu ta waya. Ashe masu wannan harka ma'aunin lafiyar kwabo gare su, daga 1 zuwa 70, wanda wani Ba'amurke, William Sheldon, ya fito da shi a 1949. Ana duba kambin Sarauniya da rubutu, ko hannun mutane ya shafe su. Baƙin da ya kwanta lumui a jikin tagulla ado ne, kuɗi ma yake ƙarawa. Koren nan mai gari shi ne cutar, yana cin ƙarfen ya bar ramuka. Wanda ya lanƙwashe, ko aka ƙara masa huda don a rataya wa yaro, ba ya samun lamba, aibinsa kawai ake rubutawa.

"Kome za ka yi," in ji shi, "kada ruwa ya taɓa su."

Na ari madubin mai gyaran agogo a Tsohuwar Kasuwa, na baje tabarma, na ƙanƙance ido ɗaya ina ware masu lafiya da majinyata. A zuciyata har na zaɓi launin babur. Aka kira la'asar, na fita.

Ina dawowa na tarar da Inna ta miƙe ƙafa a tsakar gida, gabanta kwanon jiƙaƙƙiyar tsamiya, toka da soson ƙarfe. Kwabbaina na shan rana a kan faifai, jajur, sai walƙiya suke kamar jeren amarya.

"Inna, mi na wanga?"

"Wagga ƙazanta za ka gwada ma baƙo? Mu da munka yi cefane da su ba mu san su da dauɗa ba. Har wasu ramu na iske cikinsu, na bi su da tsinke."

Da tsinke!

Na tura wa dillali hoto. Ya daɗe bai ce uffan ba, can sai ga muryarsa: "Malam, wa ya yi wannan aika-aika?" Na ce wadda ba a ɗaga wa murya. Ya ce to in gaishe ta, in kuma nemi 'yan gwangwan, su kilo suke awo.

Da dare Inna ta aiko ƙanena ya gaya min tsamiyar ta kunun safe ce, in ba da kuɗinta. Ladan wanki kuwa ta yafe.