A bar ɗalibi ya yi fushi da littafi

Tambayoyin adabi a makaranta kusan hanya ɗaya suke bi: fito da jigo, bayyana salo, lissafo taurari. Yaro ya haddace abin da malami ya rubuta a allo, ya ci jarrabawa, ba wanda ya tambaye shi me littafin ya yi masa a zuciya. A ganina, nan ne muke asarar masu karatu.

Ɗauki Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933. Uwa ta fita neman ɗanta Umar da aka sace, ita ma aka mayar da ita baiwa, ta ƙetare hamada, ba ta daɗe da ganinsa ba ta rasu. Ɗalibar da ta karanta wannan ta ji zafi, ta ce ba ta gane yadda Umar yake ba da labarin cikin natsuwa haka ba, to ta kama bakin zaren. Tawakkali ne wannan natsuwa, ko kuwa bauta ta zama ruwan dare a wancan zamani har ba ta ɗaga hankali? Tambaya ce da manyan manazarta za su daɗe a kanta. Amma in ta rubuta ta a jarrabawa, tana iya rasa maki, don abin da ake jira shi ne "jigon littafin bauta ne".

Haka littafin Jiki Magayi. Mai karatu yakan fara da goyon bayan Abubakar, wanda mai dukiya ya raba shi da Zainab, har ramuwarsa ta faɗa kan Kyauta, ɗan da Zainab ta haifa wa mai dukiyar, yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Wurin da ɗalibi ya juya wa Abubakar baya ya cancanci darasi guda.

Wasu malamai za su ce jin zuciya ba ilimi ba ne. Gaskiya ne, "bai burge ni ba" ba amsa ba ce. To a ce masa ya buɗe littafin, ya nuna shafin da ya gundure shi, ya faɗi dalili. Wanda aka sa ya kare ra'ayinsa da hujja sai ya koma ya sake karantawa, alhali mai hadda ko sau ɗaya bai buƙatar buɗe littafin.