Karen Baba kurma ne, ba mahaukaci ba

Har yanzu raina a ɓace yake kan abin da samarin hillarmu, wato unguwarmu, suka yi wa karen Baba mai awaki ranar Talata. Kun dai gani, wasunku ma suna wurin, wasu har da ɗaukar bidiyo. An rufe dabba da jifa har ta daina motsi, tsoho yana ta roƙo yana cewa 'ya'yana ku bari kurma ne, wallahi kurma ne, babu wanda ya saurare shi. Yau kuma na zauna wajen mai shayi na ji ana ta maimaita hujja ɗaya kamar an haddace ta, wai in da gaske kurma ne me ya sa yake haushi, ai kurma ba ya magana, yani tsohon ƙarya yake yana ɓoye haukan karensa ne don kar a kashe.

To ku ji da kyau. Kare kurma yana haushi. Yana haushi sarai, wani ma ya fi mai ji haushi. Haushi daga maƙogwaro yake fitowa, iska ce ke tasowa daga huhu ta bi ta maƙogwaro, kunne ba shi da aiki a wurin. Kuma babu karen da ya zauna ya koyi haushi a wajen uwarsa, da abinsa aka halicce shi. Duk wanda ya taɓa ganin karya ta haihu ya san kwiyakwiyi da ido rufe suke zuwa, kunnensu ma a toshe yake sai wajen sati 2 yake buɗewa, amma tun ranar farko suna ta tsuwa suna neman nono, wa suka ji suka kwaikwaya? Jaririn da aka haifa kurma ai yana kuka ranar haihuwa kamar kowane jariri, magana ce ba za ta zo masa ba sai da taimako saboda ita magana sai an ji ake koyonta. Haushin kare a sahun kukan nan yake, ba ya jiran kunne.

Sai wani ya ce min to me yake ji da zai yi wa haushi. Haba ɗan'uwa, kare da hanci yake rayuwa kafin kunne. Kana tahowa ta bayan zana bai ji takunka ba amma iska ta riga ta kai masa warinka, ya ga inuwa ta gifta, ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin ƙafarsa in lori ta wuce, duk wannan ya isa ya tashe shi. Ga yunwa, ga tsoro, ga kaɗaici. Kuma da yake ba ya jin muryar kansa bai san iya ƙarfin da ta kai ba, bai kuma ji tsawar da kake daka masa ya yi shiru ba, sai ya yi ta yi, muryar ta fita wani iri. Wannan baƙuwar muryar ce kuka ji kuka ce hauka.

Ni na san karen nan. In Baba zai kira shi ba ya ɓata bakinsa, sandarsa yake bugawa a ƙasa sau biyu, in kare ya waigo ya ɗaga masa hannu ya nuna gefen da awaki suka yi, shikenan ya ruga ya tattaro su. In yana barci kuma ba ya taɓa shi haka kawai, sai ya kai hannu kusa da hancinsa ya bari wari ya tashe shi, don kare kurma in ka taɓa shi cikin barci firgita yake yana iya kai cizo. Abin da ya faru kenan, wani yaro ne ya taka shi yana kwance a gindin bishiya, ya zabura ya yi masa haushi, ko haƙori bai sa masa ba. A kan wannan aka kashe shi.

Tsohon nan da ƙafa ya taso daga wajen Sinnar ta ƙasar Sudan a 2024 lokacin da yaƙi ya kai can, shi da awakinsa da karen nan har Gadarif. Ƙarar bam tana kashe kunne, na mutum da na dabba, tsufa ma yana kashewa, ciwon kunne da aka bari ya daɗe shi ma haka. Akwai kuma waɗanda da kurumtarsu suke tasowa tun suna kwiyakwiyi, musamman farare fat. Irin karen turawa da ake kira Dalmeshiyan, farin nan mai ɗigo-ɗigon baƙi, binciken George Strain na jami'ar jihar Luwiziyana a Amurka ya nuna kusan 30 cikin 100 nasu ba sa ji da kunne ɗaya ko duka biyun, kuma masu kiwonsu da alamar hannu suke horar da su, suna haushinsu lafiya lau. Abin da Baba ya gano da kansa a bayan awaki ba tare da ya shiga aji ba.

Na san me za ku ce, yaranmu fa, in da mahaukacin ne fa. Ni ma ina da yara kuma ciwon haukan kare ba abin wasa ba ne, in alamunsa suka bayyana a jikin mutum kusan babu mai tashi. Amma mahaukacin kare yana da alamu, yawu na dalala, haɗiya ta gagara, yana cizon duk abin da ya samu har itace da dutse, ƙafafu su shanye, kuma daga fara nuna alamu da wuya ya wuce kwana 10 bai mutu ba. Wannan tun daminar bara yake haushinsa haka yana cin abincinsa yana bin awakinsa. Wane irin hauka ne zai shekara yana kiwo? In kuna shakka ku ɗaure shi kwana 10 ku zuba ido, igiya ce ta gagare ku? Kurma ne jama'a, kurma ne kawai.

Masu fakewa da addini kuma ku ji tsoron Allah. Karen kiwo da na gona da na farauta shari'a ta yarda da su, kuma mu da muka tashi a mazhabar Malikiyya mun san hukuncin kare mai rai a wajen malamanmu. Hadisin mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa da takalminsa Allah ya gafarta masa tun muna makarantar allo muke jinsa. Jiya na wuce na ga Baba zaune shi kaɗai a bakin garke, dare ya yi bai shiga ɗaki ba saboda yanzu shi ne mai gadin, mutumin da ko gani sosai ba ya yi. Waɗanda suka yi jifan ku je ku ba shi haƙuri, ku kuma haɗa kuɗi ku nemo masa wani, wannan hakki ne a wuyanku.

Wani abu kuma tunda maganar kunne ake, dan Allah masu dabbobi ku daina ɗura kananzir da baƙin mai a kunnen kare ko akuya wai don kaska, kuna ƙona musu kunne ne. Haka allurar jentamaisin, ta kashe ƙwayoyin cuta, da kowa ke saya a kasuwa ya soka wa dabba yadda ya ga dama, ita ma in ta yi yawa tana kurumtarwa, ku tambayi likitan dabbobi kafin ku yi. In kuma kare ya ciji wani, kowane kare ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15 a wuce asibiti ranar, kar a tsaya shafa toka. Wanda ya san inda ake samun rigakafin haukan kare na dabbobi a cikin Gadarif yanzu da farashinsa ya rubuta mana a ƙasa, akwai mutum biyu a layinmu da ke nema.