Iyaye, malamin Sande Sukul ba zai yi mana aikinmu ba

Salama 'yan'uwa cikin Ubangiji, musamman mu da muke zaune a Legas ɗin nan.

Kowa ya san yadda garin yake. Tun asuba mutum ya fita neman danfo daga Agege ko Ikorodu, dawowa kuma gosulo ya riƙe shi har goma na dare, ka shigo yara sun yi barci, ka fita basu tashi ba. Neman abinci ba laifi bane, kuɗin haya da na makaranta basa jira. Amma abin da ke damuna shine mun tattara rayuwar ruhaniya ta 'ya'yanmu gaba ɗaya mun ɗora wa malamin Sande Sukul, wato makarantar yara ta ranar Lahadi a coci, mutumin da yake ganinsu awa ɗaya ko biyu a sati, sauran kwanakin kuma waya da TikTok ne ke musu wa'azi.

Ku buɗe Maimaitawar Shari'a 6:7 a Littafi Mai Tsarki. Iyaye aka umarta su koya wa yara maganar Allah, suna zaune a gida, suna tafiya a hanya, lokacin kwanciya da lokacin tashi. To hanyar nan ai har da cikin keke napep in za ki kai 'yarki makaranta mama, ko minti biyar ne ki tambaye ta ayar haddace ta ranar Lahadi, ku yi addu'a tare.

Maza kuma don Allah mu daina cewa wannan aikin mata ne, su je zumuntar mata su dawo su koya musu. Afisawa 6:4 da ubanni take magana, har ta ce kada mu tsokane su su yi fushi, wato bulala da tsawa kaɗai basu isa ba. Eli firist ne fa, kullum yana ɗakin Ubangiji, amma 'ya'yansa Hofni da Finehas suka lalace a gabansa, ya yi musu faɗa sama-sama bai hana su ba, hukunci ya sauko wa gidan duka. Wannan labarin yana bani tsoro sosai, domin dayawanmu dattawan ikilisiya ne.

Baba, in dare baya yiwuwa to ka tashe su kafin ka fita, ka ɗora hannu a kansu ka kira sunan kowanne gaban Allah, ranar Asabar kuma a ɗauko Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi a zauna, babban ya karanta, ƙanana su yi tambaya.