Tantanin ƙwayar halitta: daga allon Tudun Wada zuwa dankalin Aarhus

Lokacin da nake sakandare a Kaduna, malaminmu na bayoloji ya zana da'ira a allo, ya ce layin waje shi ne tantanin da ya lulluɓe ƙwayar halitta, yana barin wasu abubuwa su shiga, yana hana wasu. Muka haddace, muka rubuta a jarrabawar WAEC, muka ci. Sai da zama ya kawo ni Aarhus ta ƙasar Denmak, 'yata ta dawo daga makaranta da yankan dankali biyu, wanda ya kwana a ruwan gishiri ya yi laushi, wanda ya kwana a ruwa zalla ya ƙara tauri, sannan na gane cewa layin nan ba katanga ba ce, tunda ruwa yana ratsa shi ya fita ko ya shiga.

Tantanin rufi biyu ne na maiƙo, kaurinsa bai wuce nanomita 10 ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), kuma furotin iri-iri suna yawo a cikinsa, kamar yadda masana kimiyya Singer da Nicolson suka bayyana a 1972. Waɗannan furotin su ne ƙofofi da masu gadi. A nan Aarhus masani Jens Skou ya gano ɗaya daga cikinsu a jijiyar ƙaguwa a 1957, wato famfon da ke fitar da sodiyam 3 ya shigo da fotasiyam 2, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1997.

Sau da yawa mukan ɗora laifin hadda ba fahimta kan rashin ɗakin gwaje-gwaje, ni kuwa ban gamsu ba, domin dankali da gishiri ba su fi ƙarfin Kasuwar Bakin Dogo ta Kaduna ba. Hasali ma muna da misalin da ya fi nasu kusa da rayuwa, shi ne ruwan gishiri da sukari da ake ba yaro mai amai da gudawa. A tantanin ƙwayoyin hanji akwai ƙofar da ba ta shigar da sodiyam, wanda ke cikin gishiri, sai tare da gulukos, wato wani nau'in sukari. Idan sun shiga, ruwa ya bi su, kuma ƙofar tana aiki ko da kwalara ta kama mutum. Shi ya sa ake haɗa biyun.

Mahaifiyata ta yi shekaru tana haɗa wannan ruwa a Tudun Wada, ni kuma ina ɗaki ina haddar ma'anar tantani da Turanci, babu wanda ya taɓa ce mini darasi ɗaya muke yi.