Kangayen masana'antu a Katsina: a yanka wa matasa rumfuna, a daina jiran attajiri ɗaya

Duk kakar zaɓe sai an yi mana alkawarin farfaɗo da masana'antu, kuma abin da Bakatsine ke hangowa shi ne kamfanin mulmula ƙarfe da aka buɗe a 1982, zamanin Shagari, ko gidajen gurzar auduga na Funtuwa da Malumfashi lokacin da suke tashe. Wancan zamanin ba zai dawo da kamanninsa ba. An gina kamfanin ƙarfen ne, shi da takwarorinsa na Jos da Oshogbo, don ya riƙa karɓar curin ƙarfe daga kamfanin ƙarfe na Aladja ta jihar Delta ta yanzu, ya mayar da shi rodi. Da kamfanin Aladja ya durƙushe sai duka ukun suka shiga wahala, har aka sayar da su zamanin Obasanjo. Masana'antar da abincinta ke can kudu, ba Katsina ce ke riƙe da ranta ba.

Abin da ke hannunmu shi ne kangaye: sito-sito da rumfunan da aka rufe a cikin gari da gefensa, ta wajen Batagarawa da hanyar Jibiya. A ganina, a yanka su ƙanana a ba masu walda, kafintoci, teloli da masu matse man gyaɗa haya, ya fi a zauna jiran mutum ɗaya mai biliyoyi. Birnin Ditiroyit na Amurka, wanda mutanensa suka ragu daga miliyan 1.8 a 1950 zuwa ƙasa da 700,000, har ya yi fatara a 2013, ya riƙa sayar wa maƙwabta filayen da aka yi watsi da su a kan dala 100. Ba kyauta ba ce, takarda ce a hannun wanda zai yi aiki a wurin.

Takardar ita ce farko a nan ma. Matashin da aka ba rumfa da baki kawai ba zai zuba siminti ya kafa inji ba, don ya san ranar da wurin ya yi kyau za a ce ya tashi. Haya ta zama a rubuce, aƙalla shekara biyar, da sunan ƙungiyar gama-kai mai rajista. Idan filin yana da takardar mallaka, dokar filaye ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna za a ba da shi haya ta wannan hanya. A kuma binciki bashin wutar da ke kan ginin kafin a sa hannu. Sau da yawa tsohon bashi ne ke hana a jona sabon layi.

Wuta kuwa, nan ake faɗuwa. Taransifoma mai ƙarfin kVA 300 abin da za ta ba ka bai wuce kilowat 240 ba, kuma mai hankali ba ya ɗora mata fiye da 190. Injin matse gyaɗa mai mota kilowat 15 yana jan kusan ninki shida na wutarsa a lokacin tashi idan aka jona shi kai tsaye. Uku su tashi tare, fis ya ƙone, fitilun kowa su dushe. Maganin ba tsada: a sa wa kowace babbar mota akwatin tashi na sita-delta, wanda ke rage wannan jan zuwa kashi ɗaya cikin uku, a raba kaya daidai a kan layukan wuta uku na taransifomar, a ware masu walda a layinsu nesa da teloli da masu gyaran waya. Kowace rumfa da mitarta. Bil ɗin haɗaka ya raba abokai fiye da rabon gado. Teloli dai sola ta ishe su idan suka sauya tsohuwar motar keke da sabuwa mai cin wuta sai an taka. Mai walda kam kada ya ruɗi kansa da batir.

A duba rufi kafin damina. Tsofaffin sito da yawa rufin asbesto gare su, ƙurarsa tana lalata huhu, don haka ba a fasa shi a bushe. A jiƙa, a kwance shi falle-falle.

Sai kuma a cika wurin da sana'o'in da ke cin juna, ba teloli talatin jere ba. Kilo 100 na ɓararriyar gyaɗa yana ba da mai kusan lita 40 a inji mai kyau, ragowar tunkuzar kuma mai haɗa abincin kaji na rumfar gaba zai saye ta nan take, in dai gyaɗar ta bushe sosai, don mai danshi tana yin funfuna mai dafi da ke kashe kaji. Mai walda shi zai gyara ƙarfen injin, kafinta ya yi wa mai kaji akurki. Yaran da Kwalejin Hassan Usman da Ƙauyen Sana'o'in Matasa ke yayewa kowace shekara sun iya waɗannan ayyuka. Abin da ke mayar da su kan babur ɗin haya shi ne rashin rumfa mai wutar layi uku da takardar da za su nuna wa banki.